Makaɗan Jitar Nijar Sun Cancanci Gurbi a Shafinku na Nishaɗi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida tamu, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani fanni na kiɗa wanda na daɗe ina duba shafinku na nishaɗi ko zan ga an taɓo shi, amma har yau shiru. Kowane mako kuna kawo mana labarin 'yan fim da mawaƙan Kano da Kaduna, wani lokaci har da na Legas da na Indiya, kuma muna jin daɗin hakan. Sai dai a arewa da mu, cikin Jamhuriyar Nijar, akwai makaɗan jita waɗanda a yau ake cika manyan zauruka a Turai da Amurka domin a kalle su, manyan jaridun waɗancan ƙasashe suna sanya su cikin sahun gwanayen kiɗan rok na wannan zamani, alhali mu da muke maƙwabtansu, muke cin kasuwa ɗaya da su, da yawanmu ko sunansu ba mu taɓa ji ba. Wannan shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni mutumin Sakkwato ne, neman ilimi da abinci ya kai ni Ingila. Ƙungiyar makaɗan da na fi ƙauna ita ce ta Mdou Moctar, wanda sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, Ba'abzine daga jihar Tahoua, wanda ya tashi a yankin Abalak da Tchintabaraden. Yadda ya fara kiɗa ya isa a ba matasanmu labari. Ya taso cikin gidan da ba a maraba da kiɗan jita, kuma ba shi da kuɗin saye, don haka bayan ya kalli wasan marigayi Abdallah Oumbadougou, wanda yake cikin magabatan wannan kiɗa a Nijar, sai ya samo katako ya sassaƙa, ya ɗaura masa wayoyin birkin keke a matsayin tsirkiya, ya dinga koyo a ɓoye. Abin da zai fi ba masu karatu mamaki shi ne, kundin waƙoƙinsa na farko mai suna Anar a cikin garin Sakkwato aka ɗauke shi, a shekarar 2008, kuma duk wanda ya saurare shi zai ji tasirin waƙoƙin finafinan Hausa na wancan lokaci ƙarara, musamman yadda ake lanƙwasa muryar mawaƙi da kwamfuta. Ba wani kamfani da ya tallata waƙoƙin a lokacin. Daga waya zuwa waya suka yi ta yawo ta hanyar Bluetooth da katin memori, a tasha da kasuwa da majalisar shayi, har suka ratsa Sahara suka kai Mali da Muritaniya. A can ne wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya ji ɗaya daga cikinsu a wayoyin mutane, ya bi sawu har ya gano mai ita. Ashe ke nan muna da hannu a farkon tafiyar wannan bawan Allah, ko da ba mu sani ba.

Na daɗe ina sauraronsa a waya da kwamfuta, ina tsammanin na san kiɗansa ciki da bai. Da suka zo Landan bayan fitowar kundinsu na shekarar 2024, na sayi tikiti na je, kuma a daren na gaskata Bahaushe da ya ce gani ya kori ji.

Su huɗu ne kacal a kan dandamali. Mdou da jitarsa, Ahmoudou Madassane da jita ta biyu wadda ke riƙe da amon waƙa, Souleymane Ibrahim a kan ganguna, sai Mikey Coltun, Ba'amurke, da jita mai kaurin murya. Sun fito cikin manyan riguna da rawani, ba wani ado na musamman, ba 'yan rawa a bayansu, ba kuma wata na'ura da aka riga aka ɗura wa kiɗa. Mdou bahago ne, dogo, kuma da yatsunsa yake kaɗa tsirkiya kai tsaye. Waƙar farko ta fara a hankali, jita ɗaya tana tafiya ita kaɗai, da irin takun da duk wanda ya taɓa jin goge ko gurmi zai gane cewa daga ƙasarmu ta Sahel ya fito. Daga nan mai jita ta biyu ya shigo da ɗan gajeren amo yana ta maimaita shi, ganguna suka biyo baya, sai tafi ya ɓarke a cikin zaure ba tare da wani ya ce a tafa ba.

Abin da faifai ba zai taɓa nuna wa mutum ba shi ne yadda suke ƙara gudun kiɗan. Ba sa yin tsalle daga sanyi zuwa zafi. Mai ganga yana ƙara sauri kaɗan-kaɗan, ta yadda mai sauraro ba ya lura da lokacin da abin ya canza, sai dai kawai ya tsinci kansa cikin wani kiɗa mai gudun sukuwa wanda ya ninka na farko. Mai jita ta biyu yana nan daram a kan amonsa, hannunsa ba ya gajiya, fuskarsa ba ta nuna komai, kuma a ganina shi ne ginshiƙin ƙungiyar duk da cewa idanun jama'a ba a kansa suke ba. A kan wannan shimfiɗa ce Mdou yake sakin jitarsa. Yakan matso bakin dandamali, ya karkata kai, yatsunsa suna hawa da sauka a wuyan jitar, wani lokaci ya goga tsirkiyoyin da tafin hannu har su yi wata irin ƙara mai ratsa ƙirji, sannan ya juya ya kalli mai ganga, su haɗa ido, su tsaya cak a bugu ɗaya. Waƙar da a faifai ba ta wuce minti biyar ko shida ba, a nan sai ta ninka, domin suna kallon jama'a, idan suka ga wuri ya ɗauka sai su ƙara tsawaita ta. Na ga mai ganga ya jiƙe sharkaf da gumi, kuma na fahimci cewa kowane sauti da ya shiga kunnena a daren, akwai hannun ɗan Adam da ya wahala kafin ya fito da shi a daidai wannan lokacin.

Mafi yawan waɗanda suka cika zauren Turawa ne, matasa da dattawa masu furfura, kuma kusan babu mai jin Tamashek a cikinsu, harshen da ake rera waƙoƙin da shi. Duk da haka sun tsaya da ƙafafunsu tun daga farko har ƙarshe. Na haɗu da 'yan Nijar ƙalilan a gefe guda, muka gaisa da Hausa, kuma su ne suka riƙa yin guɗa da rawar kafaɗa irin ta bikin Abzinawa. Farin ciki ya kama ni ganin yadda ake girmama ɗan ƙasarmu ta Sahel, amma tare da shi akwai wani ƙunci, domin sai da na ƙetare teku sannan na ga wasan mutumin da garinsu bai kai nisan Legas daga Sakkwato ba.

Ya Edita, a nan ne maganata ta fi nauyi. A yawancin bukukuwa da tarukan nishaɗi da ake yi a garuruwanmu yanzu, abin da ake kira wasa shi ne a kunna waƙar da aka riga aka ɗauka a sutudiyo, mawaƙi ya riƙe makirufo yana bin ta da baki, a yi masa liƙi, a watse. Yaro zai iya girma a Kano ko Gusau ya halarci bukukuwa masu yawa ba tare da ya taɓa ganin mutum huɗu sun haɗu sun ƙirƙiri kiɗa a gabansa ba. Ba ina raina mawaƙan zamani ba ne, domin a cikinsu akwai masu murya da hikimar sarrafa harshe waɗanda nake saurare da sha'awa, kuma na san dalilin da ya kawo wannan hali. Fiyano ɗaya da kwamfuta sun fi arha a kan ɗaukar makaɗa biyar, mai biki yana lissafin aljihunsa, kayan kiɗa suna da tsada, wuta ba ta tsayawa, kuma babu wuraren da aka tanada domin irin wannan wasa. Amma sanin dalili ba ya rage girman asarar da ake yi.

Asarar kuwa babba ce, domin ba haka muka gada ba. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da makaɗan kalangunsa yake tsayawa a fili ya ƙirƙiri waƙa nan take, ya dubi wanda ya shigo ya sa shi cikin baiti, 'yan amshi su karɓa kamar sun shekara suna bita. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya zaga ƙasashe. Haka Haruna Uji da gurmi, Garba Supa da kukuma, Ahmadu Doka shi ma da kukuma, Barmani Choge da ƙwaryarta. Ko a fannin kayan kiɗan Turawa ba a bar mu a baya ba, domin dattawa suna tuna ƙungiyar Bala Miller a Kaduna. Dukkansu gwanintarsu a gaban jama'a take bayyana, inda babu damar a goge kuskure a sake. Abin da na gani a Landan ya fi kusa da wasan waɗannan magabata fiye da yawancin abin da ake yi a gida yau, duk da cewa da jitar lantarki aka yi shi. Saboda haka nake ganin kuskure ne a ɗauki wannan kiɗa a matsayin kayan Turawa. Jitar ce kawai baƙuwa. Takun kiɗan daga takamba ya fito, wato wani kiɗa da rawar gargajiya na Abzinawa, da tende, wato turmin da matan Abzinawa suke rufewa da fata su kaɗa, da imzad, gogensu mai tsirkiya ɗaya wanda shi ma mata ne suke kaɗa shi.

Mai tambaya zai iya cewa, ta yaya Nijar, wadda ba ta kai Najeriya yawan jama'a ko dukiya ba, ta iya fitar da irin waɗannan makaɗa? Amsar tana cikin bukukuwan aure na Agadas. A can har yanzu ana ɗaukar ƙungiyar makaɗa ta zo da jitocinta da gangunanta da lasifika da ɗan janareta, a share fili a unguwa, jama'a su kewaye, a yi ta kiɗa na sa'o'i. Makaɗin da yake yin haka mako bayan mako, cikin ƙura da zafi, da kayan da suka sha gyara, a gaban mutanen da suka san kiɗa kuma ba sa jin nauyin juya wa wanda bai iya ba baya, dole hannunsa ya faɗa. Ƙungiyar Etran de L'Aïr, wadda 'yan'uwa ne na dangi ɗaya suka kafa tun 1995, ta shafe shekaru masu yawa tana kiɗan biki a unguwannin Agadas kafin duniya ta san da ita, yanzu ita ma tana zaga ƙasashe. A Yamai akwai Tal National, waɗanda suke waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, kuma an san su da wasa mai tsawon sa'o'i a dare ɗaya. Akwai kuma cibiyar koyar da kiɗa mai sunan El Hadj Taya a Yamai, da gasar Ɗan Gurmu wadda ta daɗe tana fito da sababbin makaɗa.

Sai kuma Bombino, wato Omara Moctar, wanda aka haifa a 1980 a kusa da Agadas. Labarinsa ya nuna cewa wannan kiɗa ba wasan yara ba ne a wurin masu shi. Lokacin tawayen da ya ɓarke a arewacin Nijar a 2007, an ɗauki jita a matsayin alamar 'yan tawaye, an kashe biyu daga cikin abokan kiɗansa, shi kuma ya yi gudun hijira zuwa Burkina Faso. Da aka samu zaman lafiya ya dawo gida a farkon 2010, kuma da amincewar Sarkin Abzin ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadas mai doguwar hasumiyar ƙasa, ɗimbin jama'a suka taru suna murnar ƙarewar yaƙi. Daga baya, saboda kundinsa na 2018, ya zama ɗan Nijar na farko da aka sanya cikin jerin masu takarar Grammy, babbar lambar yabo ta kiɗa a Amurka. Kafin nan ƙungiyar Tinariwen ta Abzinawan Mali, wadda ita ce uwa a wannan fanni, ta ci wannan lamba a 2012. Duk waɗannan labarai ne da suka dace da jaridar Hausa, amma a jaridun Faransanci da Ingilishi muke karanta su.

Ban da daɗin sauti, akwai abin da suke faɗa. Waƙoƙin Mdou Moctar, musamman a kundinsa na 2021 da na 2024, suna magana a kan zaluncin mulkin mallaka da abin da ya bari, da halin da mata suke ciki a karkara, da tsoron kada harshen Tamashek ya ɓace a bakin yara masu tasowa, da kuma batun yuraniyom. Tun farkon shekarun 1970 aka fara haƙar wannan ma'adini a Arlit, a arewacin Nijar, aka shafe shekaru masu yawa ana kai shi Faransa a samar da wutar lantarki, alhali ƙauyuka da yawa na Nijar suna kwana cikin duhu. Yana faɗin wannan a gaban Turawa, a cikin ƙasashensu, ba tare da sassautawa ba. Ko mutum ya yarda da dukkan ra'ayinsa ko bai yarda ba, waɗannan batutuwa ne da ake tattaunawa a majalisun Maraɗi da Damagaram da Katsina, kuma masu karatunku suna da haƙƙin su san cewa akwai wanda yake kai su kunnen duniya da kiɗa. Ko juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 bai bar su ba, domin ya same su suna tsakiyar zagayen wasa a Amurka, aka rufe iyakoki, suka kasa komawa ga iyalansu na wani lokaci, har sai da masoyansu suka yi karo-karo ta intanet domin ɗaukar nauyin zamansu.

Na san akwai masu karatu, cikinsu har da malamaina da iyayena, waɗanda za su ce taron kiɗa wuri ne na shaye-shaye da cakuɗuwar maza da mata, don haka bai kamata jarida ta ƙarfafa shi ba. Ina girmama wannan damuwa, kuma ba zan ɓoye ba cewa a zauren da na je ana sayar da giya, kamar yadda aka saba a irin waɗannan wurare a Ingila. Amma wannan al'adar wurin ce, ba ta makaɗan ba. Su Musulmi ne, cikin sutura ta mutunci suka fito, kuma ban ga wani abin kunya a kan dandamalin ba. A Agadas, inda kiɗan ya fi ƙarfi, a fili ake yin sa a gaban iyaye da yara, ana dafa shayi a gefe. Hukuncin kiɗa kansa magana ce da malamai suka daɗe suna tattaunawa, kuma ni ban kai in tsoma baki a ciki ba. Abin da nake cewa kawai shi ne, tunda shafin nishaɗi yana nan kuma ana buga labarin mawaƙa a cikinsa kowane mako, babu adalci a ware waɗannan, waɗanda kalmominsu sun fi na da yawa daga cikin waƙoƙin da ake yayi tsabta da ma'ana.

Kuma ba baƙi ba ne a wurinmu. Shekaru aru-aru ayarin raƙuma yana sauko da gishirin Bilma zuwa ƙasar Hausa ya koma da gero da tufafi. A cikin birnin Kano akwai unguwar Agadasawa. Baƙin rawani mai sheƙi da Abzinawa suke ji da shi a ranar biki, marinan Kura ne suke rina shi su buga. Hausa ce harshen kasuwa a Agadas, kuma da yawa daga cikin waɗannan makaɗa suna jin ta sarai, wanda ke nufin wakilinku zai iya hira da su kai tsaye ba tare da tafinta ba, abin da 'yan jaridar Turai ba su da shi.

Saboda haka ina roƙon ka, ya Edita, ka sa a riƙa ware ko da rabin shafi ne lokaci-lokaci domin makaɗan da suke kaɗa kayan kiɗa da hannunsu, na Nijar da na gida. A tura wakili ya yi hira da su ta waya idan tafiya ta yi wuya, a tambaye su yadda suke koyo, da yadda suke samun tsirkiya da gyaran kaya a Agadas, da abin da suke samu a bikin aure idan aka kwatanta da wasan ƙasashen waje. A nemi wanda ya iya Tamashek ya bayyana wa masu karatu abin da waƙoƙin suke cewa. A kuma binciko sutudiyon da aka yi wancan aiki na 2008 a Sakkwato, da mutanen da suka yi shi, domin wannan wani yanki ne na tarihin garinmu wanda ya kamata a rubuta tun masu shi suna raye.

Ga masu shirya taruka, da hukumomin raya al'adu na jihohinmu, da sassan nazarin Hausa da na wasan kwaikwayo a jami'o'inmu, ina ba da shawara a gwada gayyato ɗaya daga cikin waɗannan ƙungiyoyi zuwa Sakkwato ko Katsina ko Kano. A yi wasan da yamma, a wuri mai tsaro, bisa ƙa'idojin jihar da ta karɓi baƙuncin, a sa kuɗin shiga wanda ɗalibi zai iya biya. A haɗa su a dandamali ɗaya da masu gurmi da kukuma da kalangu na gida, waɗanda har yanzu suna nan a garuruwa da ƙauyuka suna jiran wanda zai tuna da su, sannan washegari a ba matasa masu sha'awar koyon jita dama su zauna da baƙin su ga yadda ake riƙe ta. Daga Birnin Ƙonni zuwa Illela taku kaɗan ne, kuma kuɗin kawo makaɗa huɗu da kayansu ta mota bai kai abin da ake kashewa a wasu bukukuwan da muke gani ba.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka, ya zaunar da Najeriya da Nijar lafiya.

Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
Ɗan Sakkwato mazaunin Landan